Soyayyar da Ba a Zuba wa Mai

Kafin motar farko ta shigo sito, Inna Cokali ta riga ta buɗe tagogin kicin. Za ta ɗaura ƙyallen aiki a ƙugu, ta ɗora ruwan shayi, sannan ta juya kan kwanukan da ita da kanta ta wanke jiya. Ɗaya bayan ɗaya take ɗauka tana zagaya cikinsa da babban yatsa. Wanda ya yi ƙara ya wuce kan kanta, wanda ya yi shiru ya koma ruwan kumfa, don shirun nan na nufin da sauran maiƙo. Mai Gadi, wanda in ban da ita babu wanda ya kai shi daɗewa a kamfanin, ya ce idon Inna yana iya yi mata ƙarya, amma yatsan nan bai taɓa ba.

Sunan kuwa ya samo asali ne daga wani tsohon cokali mai lanƙwasasshiyar mariƙa da ba ya rabuwa da aljihunta. Da shi take ɗanɗana gishiri, da shi take awo, da shi take ƙwanƙwasa bayan hannun duk wanda ya miƙo shi cikin tire kafin a zuba masa. Manaja ma ya sha. Masu dako, direbobi, da mu 'yan ofis, duk a ɗaki ɗaya muke ci, kuma ta san cikin kowa fiye da yadda ya san shi. Ta san mai gyambon ciki da ba a sa wa yaji. Ta san wanda ya fito gida da rigima, daga yadda yake juya shinkafa bai kai baki ba. Irin wannan ba ta tambayarsa komai, sai dai ya ga an ƙara masa tsoka.

A wannan satin take ajiye aiki. Kamfani ya ba ta agogon bango da takardar yabo, kamar yadda ake ba kowa. Ni kuwa na ga bai kamata ta fita get ɗin nan ba tare da mutane sun ji labarin Tirela da robar garin gyaɗa ba.

Tirela direban motar ɗaga kaya ne, kuma wanda ya sa masa sunan bai zalunce shi ba. Idan ya hau kujerar motar sai ta yi ƙugi kamar tana neman agaji. Mutum ne mai sanyin hali, mai dariya da kafaɗu, kuma duk duniya abu biyu yake so ba ya haɗa su da komai: ƙanwarsa Auta, wadda ya goya tun tana tsumma bayan rasuwar mahaifinsu, da markaɗaɗɗiyar gyaɗar nan ta kwalba da ake shafa wa burodi. Shi bai cika damuwa da burodin ba. Kwalbar na ƙarƙashin kujerarsa, cokali na aljihun gaba.

Sai ƙodojin Auta suka tsaya. Malamar makaranta ce, sabon aure, ga ta nan ta koma zaryar asibiti ana yi mata wankin ƙoda, kullum tana ƙara bushewa. Aka gwada 'yan uwa don a samu mai ba ta ƙoda, jinin Tirela ya dace. Ranar ya shigo ɗakin cin abinci yana raba wa mutane alewa kamar an yi masa haihuwa. Murnar ba ta kai ƙarshen sati ba. Likitoci suka auna shi, suka duba bugun jininsa, suka ce a wannan nauyin ba za su taɓa shi ba, don ba za su ceto ɗaya su jefa ɗaya a haɗari ba. Suka ce ya je ya sauke kilo goma sha wani abu, sannan ya dawo su sake dubawa. Kuma ba su ɓoye masa ba, jikin Auta ba zai yi ta jira ba.

Tirela ya yi abin da mai gaggawa yake yi, ya daina cin abinci gaba ɗaya. Ya zo ya zauna, a ajiye masa faranti, ya ture, ya ɗaga gorar ruwa. Ana haka wata rana da hantsi jiri ya ɗebe shi yana kan aiki, ya saki katan-katan daga sama, saura ƙiris su sauka a kan Rediyo. Rediyo mai dako ne da bakinsa ba ya mutuwa, amma ranar sai da ya yi shiru.

Inna ta aika aka kira mata Tirela kicin, ta tura ƙofa, ta nuna masa buhun shinkafa ya zauna. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta tambaye shi me yake ci idan ya koma gida. Ya sunkuyar da kai ya ce yini yake da yunwa, amma da yamma ta yi sai ya tsinci kansa a tsaye da kwalba, bai san lokacin da ya ga ƙasanta ba. Ƙaton mutum, ya rufe fuska da hula yana kuka, yana cewa ashe cokalin gyaɗa ya fi masa ƙanwarsa.

“Rufe min baki,” in ji Inna. “Yunwa ce ta ci, ba kai ba. Gobe ka zo da wuri, tare za mu je asibitin nan.”

Haka aka yi. Ta nemi izini, ta sa mayafin unguwa, ta bi shi har ofishin ma'aikaciyar da ke ba marasa lafiya shawara kan abinci. Tirela ya ce Inna ta hana baiwar Allah sakat da tambaya. Mene ne kalori, a ina yake ɓuya, nawa ne a cikin wannan cokalin, ta zaro shi daga jaka ta ɗora a tebur. Ma'aikaciyar ta yi dariya ta zauna ta warware mata: kalori ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki ne, abin da jiki bai ƙona ba ya adana, kuma babu inda yake taruwa a ɗan wuri kamar mai. Gyaɗa ba abokiyar gaba ba ce, man da ke cikinta ne ya yi yawa. Ta ce akwai garin gyaɗa da ake matse yawancin man kafin a niƙa, idan aka kwaɓa shi da ruwa yana komawa kamar ta kwalba, amma kalorinsa bai kai rabin nata ba. Ta ja musu kunne cewa abinci ne, ba magani ba. Sai an auna, sai an rage sauran abubuwa, sai an yi tafiyar ƙafa, kuma kada ya sake yini da yunwa.

Kwaɓin farko ya fito tsululu. Na biyu ya yi tauri har cokali ya tsaya a ciki, Rediyo ya leƙo ya tambaya ko a kira magina, tunda siminti ya samu. Cokali ya sauka a bayan hannunsa. Kafin sati ya zagayo Inna ta gano kansa: ruwa kaɗan-kaɗan, ana juyawa, a bar shi ya ɗan huta, sai ɗigon gishiri. Daga nan garin ya shiga ko'ina. Da safe a kan yankan burodi. Da hantsi a cikin yogot marar sukari da rabin ayaba. Da rana ta kaɗa shi a miya, sai ta yi kauri da garɗi ba tare da ta ga mai ba. Ta dama shi da lemon tsami da tafarnuwa ta zuba a kan kabeji da karas. Ta shafe kaza da shi da citta ta gasa. Shinkafar Tirela ta ragu, ganye ya cike gurbin, amma ƙanshin da ransa ke so yana nan a kowane faranti, don haka kwalbar ƙarƙashin kujera ta tafi ba tare da an yi rigima ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ba ta ware shi ba. Ta san namiji ba ya son a nuna shi da faranti. Duk teburinsu miya ɗaya ta riƙa zuba wa, ba ta ce wa kowa komai ba. Rediyo ya daɗe yana tsokanar Tirela da cewa an mayar da shi zomo, yana yi yana suɗe kwano, bai san tukunyarsu ɗaya ba sai da ya ga yana ƙara wa bel ɗinsa huda.

Ke ce, Inna, kika sa ƙatti masu ɗaga buhu suka ci kabeji suna neman ƙari. Ke ce kika mayar da zagayen sito bayan cin abinci ya zama al'adar teburin nan, kina tafe a gaba da silifas, su suna biye kamar 'yan makaranta.

Duk farkon sati Tirela yakan hau babban sikelin da ake auna kaya, ma'aikata su kewaye shi. Allurar sikelin ta fara sauka. Aka yi tafi, Rediyo ya ce a rage masa suna zuwa Akori-kura. Ta sake sauka. Sai kuma ta tsaya. Sati ya zo ya wuce tana nan. Wani ya zo, ta ɗan haura ma.

Ranar komawa asibiti tana matsowa, labarin da ke fitowa daga wajen Auta kuma babu daɗi, don an kwantar da ita, matar Tirela ce ke jinyarta. Aka fara ƙus-ƙus. Wasu suka ce yana ci a ɓoye. Rediyo, da ya ɗauki abin kamar ƙanwarsa ce, ya je ya birkice motar ɗaga kaya yana neman kwalba, bai samu komai ba sai tsohon cokali. Tirela ya rantse cewa abin da Inna ta tsara shi yake ci, a nan da gida. Mutane suka bi shi da kallon ba mu yarda ba. Inna kaɗai ta ce ta yarda, amma ita ma Mai Gadi ya ce ya ga tana fita da yamma tana magana ita kaɗai.

Akwai wata roba mai shuɗin murfi da take auna masa garin a ciki ya tafi da shi gida, saboda abincin yamma da ranakun hutu. Yakan dawo da ita a wanke. Ran nan da safe ta ɗauke ta cikin kwanuka, ta zagaya cikinta da yatsa kamar kullum. Shiru. Ta mayar ruwan kumfa ba ta kawo komai a ranta ba. Da robar ta sake dawowa, ta sake yin shiru. Inna ta tsaya da ita a hannu. Gari ta zuba a ciki, busasshe, wanda aka raba da mansa tun a inji. To daga ina santsi?

Ta tare Tirela a bakin ƙofa ta tambaye shi wa ke kwaɓa masa a gida. Ya ce Tsohuwa, mahaifiyarsa, tunda matarsa na asibiti. Ta ce yaya ɗanɗanon yake. Ya ɗan yi murmushin kunya ya ce kada Inna ta ji haushi, amma na gida ya fi nata laushi, ya ɗauka hannun uwa ne.

“Hannun uwa ne,” in ji Inna. Ta auna garin a robar, ta sa ta a jaka.

Da aka tashi aiki ta bi shi gida, ta ce ta zo gaishe da mai jiki ne ta wajen uwarta. Ta tura shi sayen lemon tsami a kanti mafi nisa. Abin da ya faru a kicin ɗin, Tsohuwa ce da bakinta ta ba mu labari daga baya, tana yi tana dariya tana share ido.

Ta ce ta karɓi baƙuwar a tsaye, don ta daɗe tana jin haushin wannan mata da ke aiko wa ɗanta da ƙura a roba. Bayan gaisuwa Inna ta roƙe ta ta kwaɓa garin a gabanta, wai tana so ta koyi sirrin laushin. Tsohuwa ta ji daɗi. Ta juye ruwa kaɗan a robar, ta juya, sannan ta miƙa hannu bayan tukwane ta jawo galan ɗin mai ta tsiyaya, ba awo. Ta ce ai da ganin garin nan an cuci mai saye, an tatse albarkar an bar masa dusa, shi ya sa take mayar masa da abin da aka sace. Kuma ba nan kaɗai ba, har shinkafarsa da miyarsa takan bi da ɗan ƙari idan ya juya baya. Mutumin da za a yanka a cire masa abu a ciki, ai ƙarfi yake buƙata. Ta ƙara da cewa tun da aka fara wannan magana take jin Kalori ta hana, Kalori ta ce, ita dai tana so a nuna mata wannan Kalori 'yar gidan wace ce.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta bayyana mata a hankali cewa man nan da take mayarwa shi ne ainihin abin da likitoci ke jira ya sauka, kuma kowace tsiyaya tana ƙara wa Auta kwana a gadon asibiti. Tsohuwa ta saki galan ɗin. 

“'Yar uwa, ki gane ni,” ta ce. “Ɗaya tana can tana ramewa a kwance, ɗaya kuma kuna ramar min da shi a tsaye. Ni ban iya komai ba sai girki. Da soyayyar doya da soyayyar ƙwai na raine su. Soyayya kuwa ai sai da mai.”

“Ta kasko ke nan, Yaya,” in ji Inna. “Ta uwa fa? Wannan karon ita ake nema, kuma ba a zuba mata.”

Tsohuwa ta ce ta ji, ta kuma yarda, amma ta san hannunta. Shekara da shekaru bai taɓa miƙa wa ɗa abinci bai ƙara wani abu ba, ko ta hana shi zai yi. A nan ne Inna ta yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Da wata ce, da ta ƙwace girkin, ta ce daga yau daga kamfani za a riƙa aiko masa. Ita kuwa ta waiwaya ta ga tsohuwar kwalbar gyaɗar Tirela a wanke a kan taga, ta ɗauko ta ajiye kusa da murhu. Ta ce kada Tsohuwa ta hana hannunta. Duk lokacin da ya ɗauko mai don ɗanta, ta bar shi ya tsiyaya, amma a cikin kwalbar nan. Abincin kuma ta ƙara masa citta, ko kirfa, ko lemon tsami, duk wanda ranta ya so. Sannan ta zaro cokalinta, wanda ko manaja bai isa ya taɓa ba, ta ce ta ba ta aro don awon garin.

Tirela ya dawo da lemon tsami ya tarar da tsofaffi biyu suna gardama a kan yawan gishiri. Bai san abin da aka yi ba sai bayan an gama komai, don Inna ta ce ba za a sa uwa ta ji kunyar ɗanta ba.

Mu dai a sito abin da muka gani shi ne Inna tana ɗanɗana miya da wani baƙon cokali, robar mai shuɗin murfi ta koma yin ƙara, allura kuma ta ci gaba da sauka. Ba da gudu ba. Akwai satin da ta yi gardama, Tirela ya ƙara zagaye, Rediyo na biye da shi yana yi masa waƙar tsokana. Da ranar ta zo bai kai ba da ɗan kaɗan, aka ƙara masa lokaci, muka koma addu'a. A zuwa na biyu likitoci suka ce ya yi.

Ranar tiyatar babu wanda ya ci abincin kirki a ɗakin nan. Inna ta yi ta goge teburin da ba shi da datti. Da waya ta zo cewa su biyun sun farfaɗo, ta shiga kicin ta tura ƙofa, muka ji famfo yana zuba ya daɗe.

Yau Auta ta koma aji, tana shan magungunanta, kumatunta sun dawo. Tirela ya koma kan motarsa, kujera ta daina ƙugi, sunan dai ya ƙi barinsa. Garin gyaɗa kuma ya zauna a kicin ɗinmu, har mu da ba a sa wa doka ba muna tambayarsa.

Jiya aka yi ɗan taron sallama. Ana tsakiyar jawabin manaja sai ga Tsohuwa ta shigo, Auta na riƙe da hannunta. Ba ta jira an ba ta dama ba. Ta wuce gaban Inna ta buɗe jaka, ta fara miƙa mata cokalinta. Sannan ta fito da kwalbar, cike da mai har wuya, ta ce wannan ta uku ce, biyun farko ta ba maƙwabta. Ta ce ga abin da ta so ta ba ɗanta ba ta ba shi ba, ga kuma abin da ta samu a madadinsa, ta tura Auta gaba.

Inna ta karɓi kwalbar da hannu biyu. Rediyo, da idonsa ya yi ja, ya ce to a soya mana ƙwai da shi mana. Cokali ya dawo hannun mai shi, don haka ya sauka inda ya saba. Ta kai kwalbar ta ajiye a tagar kicin, saman wurin wanke-wanke, ta gaya wa wadda za ta gaje ta cewa wannan ba na girki ba ne, a bar shi a nan.

Inna Cokali, uwar ɗakin da ba a fita da yunwa, mun gode. Ke ce kika yarda da mutum ranar da duk muka yi masa kallon maƙaryaci. Ke ce kika gano laifi kika rufa wa mai shi asiri, kika bar wa uwa girkin ɗanta. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa a yi miki hidima kamar yadda kika yi wa cikin mutane.

Ku kuma masu karatu, akwai irinta a inda kuke aiki, tana bayan tukunya, wataƙila ba ku taɓa tambayar lafiyar ƙafafunta ba. Ku leƙa ku gaishe ta tun tana nan. In kuma akwai wani naku da likita ya ce ya rage, kada ku bar shi da farantinsa shi kaɗai, kuma kada ku bi bayansa da galan don tausayi. Ku zauna ku ci irin nasa. Idan hannu ya matsa sai ya zuba, kwalba ba ta da wuyar samu.